Buhu Ɗari a Rumbun Hamma

Sunansa na yanka Muhammadu Lawal, amma in ka shiga rugagen da ke bayan duwatsun Roni kana cigiyar Muhammadu Lawal, sai ka wuni kana yawo ba wanda ya gane wa kake nufi. Hamma kowa ya sani. Shi ne babba a ɗakinsu, ƙanne suka taso suna ce masa Hamma, wato yaya, sunan ya bi shi har furfura. Matarsa Shatu ma 'yar baffansa ce, tun tana goye take jin ana kiransa haka, don haka da aka ɗaura musu aure ba ta sha wahalar neman sunan sakaya masa ba. Dogo ne siriri, magana sai ta zama dole. Irin mutanen nan ne da suka gwammace su ɓata a daji da su tsayar da wani su tambaye shi hanya. Jama'a na yabon wannan hali, wai filako ne, kunyar Fulani. Ni dai har yau ban ga abin yabo a ciki ba.

Shekarar da aka sami mulkin kai, shanun gidan sun haura arba'in. Ga gonar gero, ga ta gyaɗa, ga rumbunan ƙasa biyu manya da Hamma ya gina da hannunsa. A wajen ajiyar hatsi ba wanda ya kama ƙafarsa, geron shekara uku yakan fitar ka rantse jiya aka yanko shi. Cikin garken kuwa Shatu na da nata. Ranar da za a kai ta ɗaki mahaifinta ya ba ta karsana guda, ita ce ta yi ta hayayyafa. Da nononsu da mansu take zuwa kasuwar Roni, da su ta yi wa 'yarsu guda ɗaya tilo, Adda, kayan ɗaki lokacin da aka aurar da ita Gwiwa.

Sai fari ya zo, damina biyu a jere. Allah kada Ya maimaita! Saniya ta kwanta da yamma, da safe sai an haɗu mutum huɗu an cusa itace a ƙarƙashinta an ɗaga, jibi kuma ko an ɗaga ba ta tsayawa. Hamma ya sassabe rassan gawo har ba abin sassabewa. Ya daina kusantar bayan ruga saboda wari da ungulaye. Da ruwa ya dawo, shanu bakwai suka rage, uku nasa, huɗu na Shatu, rumbunan nan biyu kuma wayam, ko ɓera ya yi ƙaura.

Rani na kamawa ya kora jakunansa zuwa Kazaure yana ɗibar wa masu gini yashi. A nan ya san Silvanus, wani birkila mutumin kudancin Zariya, mai fara'a, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka haife shi. Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa, ga ƙarin albashin Udoji an zuba wa ma'aikata. Malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan asibiti, kowa da sabon keke ko babur da rediyo a rataye, amma wurin kwana ya gagara. Kullum sai wani ya tsaya a bakin ginin yana tambaya ko akwai ɗakin haya. Hamma na sauke yashi, kunnensa na wajen.

Wata rana da azahar, suna zaune a inuwar bango, ya daure ya ce, "Birkila, ɗaki huɗu na bulo, me zai ci?"

Silvanus ya ɗauki tsinke ya soma zane a ƙasa. "Baba, fara da fili, a kusa da hanyar mota, kada ka bi araha ka shige lungu. Daga fili sai siminti, buhu ɗari zai kai ka. Shi za ka fara saya, don yau in ka taya, gobe ka dawo ka tarar ya tashi. Kwano da katako da ƙofofi su biyo baya. Yashi kuwa ga jakunanka. In ka gama, wata ba zai mutu ba sai an ƙirga maka kuɗin haya, ko an yi ruwa ko ba a yi ba."

Ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Wannan maganar ita ta shiga ran Hamma ta zauna daram. Mutumin da ya ga dukiyarsa ta ruɓe a gaban idonsa don sama ta ƙi zubarwa, me kuma yake so a gaya masa?

Shanunsa uku suka sayi fili. Kuɗin siminti kuwa babu, sai in an taɓa na Shatu. Kwana uku yana kewaye-kewaye kafin ya iya buɗe baki, ya same ta tana wanke ƙwarya.

"'Yar Baffa, shanun nan naki nake so ki ba ni."

Ta ji bayaninsa har ƙarshe ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Hamma, saniya in ta rayu haihuwa take yi. Wannan garin tokar, me yake haifa?"

"Ɗakuna. Biyu daga ciki naki ne, halak malak. Kuɗinsu a hannunki za a riƙa sawa. Ba kiwo, ba shayarwa, ba fari."

"Su kaɗai suka rage mini daga hannun Baffa."

"Na sani. Na ɗauki amanarsu a wuyana."

Ba wai ta gamsu ba ne. Tun tana yarinya ba ta taɓa ce masa a'a ba, kuma ba ta san ta inda ake farawa ba. Ranar da za a kora su kara, kasuwar shanu, ta tashi ta tatse su tsaf, ta shafa wuyan babbar, ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta fito ba sai da kukansu ya ɓace a bayan dutse.

Aka sayi siminti buhu ɗari. Mai kantin ya ce a bar shi a wurinsa ya rubuta takarda, duk ranar da aka tashi gini a zo a ɗauka. Hamma ya girgiza kai. Shanun Shatu huɗu ya bar wa wani a kan 'yar takarda da ba ya ma iya karantawa? Ina! Filin kuwa ba katanga, ɓarayin birni ba sa barci. Silvanus ya tambaye shi inda zai ajiye, ya ce akwai wuri.

"To, Baba, kada dai ruwa ya taɓa shi."

Akwai tambaya a bakin Hamma a lokacin, ta zo har kan harshe: shin abin nan wata nawa yake yi bai lalace ba? Amma ga leburori a tsaye suna kallo, waɗanda dama ba sa rasa abin tsokanar Bafillacen daji. Ya haɗiye ta. Shi kuma Silvanus bai ga dalilin faɗa ba, a ganinsa wa bai san siminti ba ya son zama? Tsakanin shirun wannan da shirun wancan aka yi asarar.

Da amalanke da jakuna ya yi ta jigila har ya kwashe, maƙwabta suka ɗauka takin zamani ne, bai gyara musu ba. Ya fasa ƙofa a gefen kowane rumbu, ya shimfiɗa kara, ya jera hamsin nan hamsin can, ya mayar ya liƙe da laka ya yaɓe sumul, ya ɗora sabuwar jinka. Wallahi duk abin da ake yi wa gero ya yi. A ransa, wurin da ya riƙe hatsi shekara uku ko ƙwaro bai shiga ba, ai ba zai gaza riƙe garin dutse ba.

Niyyarsa da kaka ya sayar da gyaɗa ya sayi kwano a fara aiki. Sai wata cuta ta faɗa wa gyaɗa a shekarar, ganye ya ƙanƙance ya murɗe, ka tuge tushe ka tarar ba ko ƙwaya. Da ya so, da ya buga bulo ya tayar da bango ya jira. Amma Hamma ya tsani kango. Ya fara gini ya tsaya a rabi, masu wucewa na nunawa suna cewa ga na Bafillacen da ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa? Ya ce sai komai ya haɗu, a fara rana ɗaya a gama. Silvanus ma a lokacin ya sami aiki a Babura ya tafi, ba mai tambayar labarin siminti.

Shatu kuwa, matar da ke ba maƙwabta kindirmo kyauta, ta koma bin rugagen mutane da sassafe tana saro nono ta kai kasuwa don ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Matan da suka taso tare suna auna mata suna kawar da kai don kunya. Hamma na gani, abin na cinsa. In ya dawo daga Kazaure sai ya ce mata, "An ce buhu ya ninka kuɗinsa." Ta ce, "Madalla." Ya zagaya ya duba jinka, ya toshe 'yar tsaga da laka, ya dawo hankalinsa kwance. Ɗigon ruwa ɗaya bai shiga rumbunan nan ba, wannan gaskiya ne. Amma laimar tsakiyar damina, wadda ke narkar da gishiri a ƙwarya ta hana ashana kamawa, ba ta neman ƙofa kafin ta shiga. Damina biyu ta yi tana aikinta.

Kaka ta biyu gero da wake suka yi kyau. Ya sayar, ya haɗa da abin da jakuna suka tara, ya sayi kwano da katako. Ya aika Babura, Silvanus ya zo. Ranar Talata da hantsi suka iso ruga da akori-kura da leburori uku. Hamma ya sa farar rigarsa ta sallah. Shatu ta dama fura ƙwarya guda cike, maƙwabta suka taru don sai ranar ce suka ji abin da ke cikin rumbunan.

Silvanus na sauka ya ga inda Hamma ya nufa da gatari, sai fara'arsa ta ɗauke.

"Baba, a nan yake? Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka saya. Ko sau ɗaya ban buɗe ba."

Birkila ya ɗora hannu biyu a ka.

Aka fasa. Ga buhuna a jere yadda aka bar su, ko takardar ba ta yage ba. Hamma ya yi murmushi ya kama na sama zai saɓa. Buhun siminti in ka ɗauka lanƙwasa yake yi ya kwanta a kafaɗa. Wannan bai lanƙwasa ba. Ya suɓuce ya faɗi a ƙasa tim, takardar ta tsage, abin da ke ciki bai zube ba. Silvanus ya ɗauko guduma ya buga, ta yi ƙara ta dawo masa.

"Na sama ne kawai," in ji Hamma. "Na ƙasa lafiya lau suke."

Haka ya yi ta faɗa har aka fito da hamsin. Ya sake faɗa a bakin rumbu na biyu. Ɗaya bayan ɗaya aka buga su duka ɗari. Waɗansu in an farfasa akan sami ɗan gari a tsakiya, Silvanus ya murza a yatsa ya zubar, ya ce ya mutu, ko kaskon kaji ba zai riƙe ba. Sannan ya durƙusa a gaban Hamma, hawaye na bin fuskarsa.

"Baba, don Allah me ya hana ka tambaye ni? Ni kuma wane irin sakarci ya hana ni gaya maka?"

Hamma na tsaye, farar riga ta yi furu-furu da toka, ya kasa duban ɓangaren da Shatu take. Ita kuwa ta ɗauki ludayi ta zuba wa leburori fura, ta zuba wa direba, ta miƙa wa birkila tasa, tun da an riga an dama. Ta kwashe ƙoren ta tafi wankewa.

Silvanus ya ce zai yi masa ginin ƙasa kyauta. Hamma ya yi godiya ya ce a bari, bai ƙara taka wurin masu gini ba. Kwanon ya koma kasuwa, filin ma bayan shekara biyu ya bi shi, abinci ya cinye. Wanda ya saya ya gina ɗakuna shida, kafin fenti ya bushe an kama su duka. Hamma ya koma kiwon haya, yana bin shanun wani attajiri na Kazaure da sanda, ladansa abin da za a tatsa da safe.

Duwatsun nan ɗari ya jera su a bayan ɗaki. Gara ta cinye takardar, suka rage tsirara da siffarsu ta buhu. Shekara shida ya yi bayan haka, kuma a cikin shekarun nan Shatu ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ko da faɗa. Allah Ya sani da ta zage shi da ya sami sauƙi. Sau ɗaya ya gwada, ya ce, "'Yar Baffa, maganar shanun nan…" Ta ce, "Tuwonka na hucewa, Hamma." Bai sake ba. Ya yi ta ramewa, tari ya kama shi, wata damina ya kwanta kwana tara ya cika.

Bayan addu'ar arba'in, ƙannensa da Adda suka zauna da malamin da zai raba gado. Ba a daɗe ba, don abin rabon ba yawa: gonaki biyu, jakuna biyu, garma, riguna uku. Da aka gama, wani ƙanen mamacin ya nuna bayan ɗaki ya ce, "Waɗancan duwatsun fa, Malam? A sa su a rabo, ko wani ya kwashe ya tare zaizayar gona?"

Shatu na zaune a bakin ƙofa cikin mayafin takaba, tun safe ba a ji muryarta ba. Sai ta ɗago.

"Kada wanda ya taɓa su. Ba gado ba ne, shanuna ne."

Malam ya sunkuyar da kai ya rufe littafinsa. Aka bar mata su.