Kwafin Gonarmu

Shekarun da na yi ina aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, ɗaki ɗaya muka kama a Panshekara ni da wani mutumin Nijar, ɗan wani ƙauye can bayan Maraɗi. Na ce ɗaki ɗaya, amma gaskiyar magana katifa ɗaya ce. Ni aikin rana nake yi, shi na kwana, idan na dawo ya fita, idan na fita yana hanya. Sai mu yi mako haɗuwarmu ba ta wuce ta bakin get ba, ya ɗaga min hannu, in ɗaga masa. Wanda bai san zaman kamfani ba zai ɗauka mutum ba ya kaɗaici a tsakiyar jama'a. Yana yi kuwa. Ƙarar inji ba ta barin hira, warin fata kuma idan ya kama jikinka, ko a adaidaita sai ka ga ana matsa maka.

Abokin nawa yana da wata 'yar na'urar gem ta riƙewa a hannu, cike da wasannin zamanin da. Duk ranta yana cikin wani katin memori da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ya ci wuya a kan katin nan. Ya goge wasannin da suka maimaitu, ya ware na dambe daban, na tseren mota daban, ya sa musu suna da Hausa. Wani maɓalli ya mutu, ya mayar da aikinsa kan na kusa da shi. Idan ka kunna, hoton rumbun gidansu ne yake fara fitowa. Ni dai raina abin nake yi, ina cewa gemai-gemai da mutum ya zauna yana danne-danne.

Wata yamma ba wuta, wayata ta mutu, ɗakin ya yi min faɗi. Na ɗaga matashi sai ga na'urar. Na kunna, na faɗa wani wasa na noma: ɗan mutum da fartanya, da rijiya, da wata gona da ciyawa ta kusa cinyewa. Ni da na gudo daga Jigawa don kada in sake riƙe fartanya, sai ga ni na zauna na nome ta tsaf, na yi ban ruwa, na mayar da ita ƙarƙashin matashi kamar ban taɓa ba.

Washegari da yamma a bakin get ya tare ni, idanunsa jajur don rashin barci.

"Kai Bajigawe, wa ya shigam min gona?"

Na ce, "Gonar da ka bar wa ciyawa? Ai sadaka na yi maka."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce tunda na iya ban ruwa in ci gaba, amma in bar masa shuka, don mutanenmu ba su san tazarar rami ba.

Daga nan gona ta zama tamu. Ya yi shuka da rana, in yi ban ruwa da yamma. Wata rana in tarar ya sayo kaza, wata rana ya kewaye rijiya da danga. Idan tsiyarsa ta motsa sai ya bar ɗan mutumin a tsaye ya juya wa gona baya yana kallon bango, wai ni ne. Ni kuma in rama, in kwashe kajinsa in zuba su a ɗakin kwana. Na kama kaina ina sauri bayan an tashi, ina tsallake majalisar mai shayi, don kawai in ga me ya yi yau. A duk faɗin Kano ba ni da wani abu da yake jirana sai wannan, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Ana haka abu biyu suka zo tare. Na'urar ta fara sandarewa ana tsakar wasa, ya ce katin ne, irin da ake haɗo su da shi ba su da ƙarko, mutuwarsu ba sallama. Sannan aka aiko masa daga gida, mahaifinsa ƙarfi ya ƙare, damina ta matso, ana so ya koma ya riƙe gona. Hankalina ya tashi. Ni na kawo shawarar in sayi irin na'urar ta hannu, mu kwafi katin, kowa ya riƙe nasa. A tunanina da haka gonar ba za ta rabu da ni ba.

Na sayo na'urar da sabon kati, ranar hutu muka tafi Sharaɗa, shagon wani mai tura waƙoƙi da fina-finai a waya. Yana sa katin, kwamfuta ta fito da tambaya, wai katin ya lalace, a wanke shi? Mutumin ya saba, hannunsa har ya tafi. Abokina ya cafke masa wuyan hannu.

"Malam, tsaya! In ka danna wannan ka share muna gona."

"Wace gona kuma?"

Da ya gane sai ya dube mu, manya biyu masu warin fata, ya girgiza kai yana murmushi. Tare suka warware abin. Ashe katin kashi-kashi ne, kwamfutar ɗaya kawai take gani, sauran da ba ta gane ba take kira lalatacce. In ka ja fayiloli ka zuba a sabon kati kamar waƙa, na'urar ba za ta tashi ba. Sai an ɗauke katin ɗungurungum, da abin da ake gani da wanda ba a gani, a dunƙule shi wuri ɗaya, sannan a juye a wani. Ina zaune a benci ina kallon layin kwafin yana rarrafe a fuskar kwamfuta, ina addu'ar kada tsohon katin ya cika a hanya.

Bai cika ba. Sabon ne ya ba mu kunya. Girman da aka rubuta a jikinsa daidai yake da na tsohon, amma da aka zo juyewa ya gaza da ɗan kaɗan, kamar mudun kasuwa, suna ɗaya ciki daban. Sai da muka nemo wanda ya fi shi girma. Da aka gama muka jera na'urorin biyu a kan benci muka kunna. Rumbu ya fito nan, ya fito can. Ga kaji, ga danga, ga ɗan mutum a bakin rijiya a duka biyun. Na yi murna kamar wawa. Abokina ya bar min sabon katin, ya ɗauki tsohon, ya kuma sa aka ajiye min wani kwafin a filas ko da tsautsayi.

Yammar da ya tafi na buɗe gonar na yi ban ruwa. Washegari na dawo da saurin da na saba, na kunna. Komai yana nan, ko kaza ɗaya ba ta ɓata ba. Ɗan mutumin yana tsaye daidai inda na tsayar da shi. Na daɗe ina kallonsa kafin in gane babu wanda zai yi shuka. Na yi da kaina, ramukan suka fito a cunkushe. Ƙauyensu ba sabis sai an hau tudu, in an dace na same shi, hirar gero ce da jikin tsoho. Ya ce caji ma wuya yake musu.

Wanda ya gaje shi a ɗakin wani dattijo ne daga wajen Kumbotso, mai kamun kai, shi ma aikin kwana. Na nuna masa yadda ake kunna na'urar, ya ce Allah mai iko. Na daina sa ta ƙarƙashin matashi, na koma ajiye ta a sama, a cike da caji, gonar a buɗe. Na yi ta yi ba na fashi.

Wata safiya ya tsayar da ni a bakin get, ya rage murya.

"Samari, kullum kana manta abin nan naka a kan matashi. Amma kada ka damu, ko taɓawa ba na yi. Yadda ka bar shi haka za ka same shi."

Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka muku da alheri."

Na wuce ciki na ɗaura safar hannu.