Na Ɗauka Tsargiya Ce

Jiya maƙwabciyata tana wanki da sabulun salo, ƙanshinsa ya tsallako katanga, sai ga wani tsohon haushi ya taso mini sabo fil. Ku yi haƙuri, sai na amayar da shi.

Zamanin Turawa ne, ina ajin ƙarshe na firamare a Hadejia. Mu huɗu ne mata a ajin, kuma ni hedimasta ya ɗora wa rai a jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata. Sau ɗaya ake yin ta, wadda ta faɗi karatunta ya ƙare ke nan. Lokacin kaka ne, kogi ya fara ja da baya, ana yankan shinkafa a fadama, gari duk hayaƙin bandar kifi.

Saura kwana uku jarrabawa na ga jini. To, mu 'ya'yan bakin kogi jini ɗaya muka sani, na tsargiya, wanda yara masu wanka a kududdufi ke gani a fitsarinsu. Baba kuwa ya rantse ranar da na shiga ruwa zai cire ni daga makaranta, ni kuma na shiga, har sau biyu, a ɓoye. Sai na ɓoye abina. Na yayyaga tsohon kallabina, in wanke da sabulun salo a bayan ɗaki, in shanya a ƙarƙashin gado inda ba ya bushewa. Marata tana murɗawa, in na buɗe littafin lissafi ba abin da nake gani sai fuskar Baba.

Abin takaicin shi ne Inna ta gane tun ranar farko. Amma ni 'yar fari ce, ita kuma jinin Fulani: ba ta kama sunana, ba ta haɗa ido da ni, balle ta zaunar da ni a kan irin wannan magana. Sai ta aika garin Kirikasamma a kira goggo, ƙanwar Baba, ta zo ta yi mini bayani. Goggo tana tsakiyar yankan shinkafa, ta ce sai Juma'a. Jarrabawa kuwa Alhamis!

Kafin nan Inna ta koma yi wa bango magana. Tana daka sai ka ji ta ce, "Wasu dai su sha ruwan kanwa." Da azahar na ɗauki buta, ta dubi turmi ta ce, "Wasu ba sai sun yi salla ba." Haba jama'a! Na ce shi ke nan, ta san na shiga kogi, laifin nawa har ya kai a hana ni salla. Na koma ɗaki na sha kuka.

Ranar Alhamis da safe na sa farar rigar makaranta. Na tarar Inna ta rataye baƙin zanenta na rini a bakin ƙofa. "Mai fita ta ɗaura wannan," in ji ta, idonta a kan murhu.

Wata Baturiya ce ta zo daga Kano da takardun a cikin ambulan. Lissafi aka fara. Na zauna a benci a ƙage, ko motsi ba na so, hannu ɗaya riƙe da zane, ɗaya da alƙalami. Tambayoyin da nake warwarewa ido rufe, ranar rabinsu na bari ba amsa.

Da aka fita shan iska, malamar ɗinki ta ga tafiyata ta ja ni bayan aji. Na fashe da kuka na ce tsargiya ce, don Allah kada ta gaya wa Baba.

"Ke tafi can, wace tsargiya? Girma ne ya zo. Kowace mace tana yi, har Baturiyar can."

Ta naɗe tsumma mai tsabta, ta nuna mini yadda ake ƙunzugu. Duka-duka bai kai lokacin shan kofin koko ba. A kan wannan na yi kwana uku ba karatu! Takardar Ingilishi da fushi na rubuta ta, har alƙalami yana huda takarda, kuma ita ta cece ni. Da sakamako ya fito, sunana ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka ci. Goggo kuwa ta iso ranar Juma'a da busasshen kifi da doguwar nasiha.

Yaran yanzu a aji ake koya musu, audugar mata kuma tana kowane kanti. Ni ma na rantse tun a lokacin cewa 'yata daga bakina za ta ji. Da ranar ta zo, na gani sarai, amma bakina ya ƙi buɗuwa, na aika a kira ƙanwata. Bara, tana da furfurarta, 'yar farin tawa ta ce mini, "Inna, kin san kwana biyu na yi ina jiran mutuwa?"