Shuɗin da Bai Fito a Wayar Yayana Ba

Shekara ta biyu ke nan da damina ta yi mana rowa lokacin da aka ɗora mini aikin haɗa darasin gero. Ni malamin gona ne, abin da na sani shi ne ƙasa da iri da tsutsa. Amma da yake ni kaɗai ne ba na tsoron kwamfuta a ofishinmu na Sabon Birni, sai aka ce ni zan yi. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

A baki aikin ba shi da wuya. An kawo sabon irin gero mai saurin nuna, za a ba kowane magidanci tiya guda. Ni kuma in zuba hotuna da bayani a wata manhaja ta shirya darussa, a tura wa mutane a waya. A shafi na uku na sa mahaɗi, wato ɗan rubutu shuɗi wanda in ka taɓa shi yake buɗe wani abu. Nawa muryata yake buɗewa, ina gargaɗi kada kowa ya yi binne da wannan iri. Binne mun gaje shi: a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwan farko. Da tsohon iri, in ya lalace sai a koma rumbu a ɗebo wani. Sabon kuwa tiya ɗaya ce tak, in yayyafi ya tsirar da ita rana ta biyo baya, shi ke nan. Da yake yawancin manomanmu ba su karanta boko, abu ɗaya muka koya musu, duk inda ka ga shuɗi, taɓa.

Ba a yi mako ba abokan aikina suka fara dawowa daga ƙauyuka da magana ɗaya: ba a ganin shuɗin. Na buɗe kwamfuta, ga shi nan raɗau. Na tura a wayata, ga shi nan. Na ce lallai hasken rana ne yake kashe shi a gona, sai na ƙara masa duhu. Suka dawo suka ce yanzu ma ya fi ɓacewa. Na sauya zubin rubutun, na goge mahaɗin na sake ɗaurawa, na fitar da darasin daga manhajar har na daina ƙirga sau nawa. Janareta ya ɗauke, in zauna ina fifita da kwali, ya dawo, in koma. Mako uku ina wannan aikin baban giwa. Na gaji, gajiyar da ko tsaki sai na yi shawara kafin in ja.

A cikin makonnin nan aka yi wani ɗan ruwa da bai kai ya jiƙa jaki ba, daga nan sama ta bushe ƙayau. Ranar wata Juma'a na hau babur na je gida Tsamaye, na tarar da yayana a gona. Shi ne babbanmu, gonar gado tana hannunsa, bakin mutum goma sha ɗaya yake ciyarwa. Yana tsaye a kan kunya yana duban tsiron da ya fito ya ƙone, ya koma kamar zaren buhu.

"Yaya, kar dai binne ka yi da sabon irin?" na tambaye shi.

"To mi za ni yi da shi, in dafa?" in ji shi. "Kowa binne ya yi."

"Ba ka taɓa shuɗin ba?"

Ya ciro wayarsa ya miƙo mini. "Malam, ga ta nan. In ka ga shuɗi, ka nuna man."

Ina buɗe darasin na ga shafin baƙi ƙirin. Ashe da yake ba wuta a ƙauye, sai an kai waya wurin mai caji, kowa ya bar tasa a kan tattalin batir, wayar kuwa in an yi mata haka sai ta mayar da farin shafi baƙi. Sauran rubutun ya juye fari da kansa. Mahaɗina, da na zaɓa masa launi da hannuna kuma na ƙara masa duhu, ya nutse cikin baƙin. Wayata kullum cike take da cajin ofis, shi ya sa ban taɓa gani ba. Gyaran da ake buƙata bai fi na minti biyu ba. Kunya ta rufe ni, ga takaici.

Na lalubi wurin da yatsa na taɓa. Muryata ta fito fes, tana ta jan kunne kada a yi binne. Na so in kashe, ya ɗaga mini hannu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko akwai sauran iri a ofis. Na ce an rabar duka.

Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya saɓa hauyarsa.

"Magana ta yi kyau," ya ce. "Amma Tsamaye ba ta da nisa, ƙanena. Da ka zo da bakinka ka hwaɗa man."