Ranar da Kawu Sale ya hana kowa magana

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata. Har yanzu idan kaka ta yi, aka jingine damman riɗi a gonaki suna shan rana, sai in ga kamar zai ɓullo ta hanyar Gagarawa a kan tsohon kekensa, hula a karkace, ƙafar wandonsa ta dama a naɗe. Allah ya jiƙansa.

Kawu tela ne. An ba shi shugabancin kwamitin makarantar garinmu ne saboda shagonsa yana kallon ƙofarta, kuma ba shi da saurin fushi. Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare lokacin da shugaban makaranta ya dawo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da labarin akwai tallafi daga gwamnatin tarayya. Sai dai akwai sharaɗi: kafin a nema, dole a ji ra'ayin mutanen gari, maza da mata, har da mu ɗalibai.

An yi taron a ƙofar gidan mai gari. Dattawa suka ce a gyara ajin da iska ta yaye. Liman ya ce katanga. Arɗo, da ya zo daga rugar da ke bayan gari, ya ce ruwa. Mata suna can baya, suka aiko da cewa duk abin da aka yanke daidai ne. Da aka juyo kanmu 'yan mata, kowace ta sunkuyar da kai. Ni ina kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero a kan tabarma har aka shafa fatiha.

Washegari da yamma Kawu ya shigo gidanmu, ya ce da ni, "Binta, ku me kuke so?" Na yi ta murza bakin hijabina. Bai matsa ba. Daga baya Inna ta gaya mini ya daɗe yana ganin manyan 'yan mata suna fita daga makaranta da hantsi, ba sa dawowa, yana zaton ya san dalili, amma yana son kowa ya gani da idonsa.

Sai ya sake kiran taro, wannan karon a filin makaranta. Da aka hallara ya ce yau ba wanda zai yi magana, kowa ya tashi ya je ya tsaya a inda yake son a yi wani abu. Arɗo ya yi dariya ya ce, "Tela, yau kuma mu za ka auna?" Kawu ya ce, "Kai ai ba sai an auna ka ba, ƙyalle kaɗan ya ishe ka."

Ina tuna ranar kamar mafarki. Rana ta yi sanyi, inuwar mutane ta yi tsawo a kan yashi. Dattawa suka nufi ajin da ba rufi. Mutanen ruga suka kewaye rijiyar da ta ƙafe. Mu kuwa muka tsaya cirko-cirko, har wata 'yar aji uku, Hajara, ta juya ta kama hanyar bayan makaranta, can wajen sabarar da muke ɓuya idan lalura ta kama mu. Ban san lokacin da ƙafata ta bi ta ba. Da na waiga, sai na ga sauran 'yan mata a bayana, a bayansu kuma iyayenmu mata, ɗaya bayan ɗaya. Liman ya yi gyaran murya ya kawar da kai. Kawu ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "To, an ji." Makewayin 'yan mata aka sa a farkon abin da aka nema.

Kawu bai ga zuwan tallafin ba. Ya yi ta zirga-zirga zuwa ofishi, kullum ya dawo ya ce ana kan hanya, har zazzaɓin damina ya kwantar da shi. Shekara guda bayan rasuwarsa aka yi ginin, mai kyau, da shuɗin fenti. Magini ya kiyaye alƙibla yadda ya kamata, saboda haka ƙofa sai dai ta kalli kudu ko arewa. Ya zaɓi kudu, inda 'yan acaba ke hutawa gindin darbejiya kusa da mai shayi. Ba mugunta ya yi ba, ba wanda ya tambaye mu ne kawai. Yau idan ka leƙa za ka ga daɓen tsaf kamar jiya aka yi shi, zanzaro ya gina ɗakinsa a saman ƙofa. Wace yarinya ce za ta shiga a kan idon maza?

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce. Ina jin zai fara yin dariyar nan tasa marar sauti. Ba na jin zai zagi kowa. Zai dai ce an ji mu sau ɗaya, sai aka ɗauka an gama ji. Wani lokaci ina zaune a aji a nan Gumel, inda nake karatu yanzu, hankalina sai ya tafi, in gan shi yana zaga ginin da tef a wuyansa, yana dafa bango kamar yana neman inda zai farke ɗinki ya sake.

Bana an sake buɗe neman tallafin, an kuma yi taro lokacin hutu, da kujeru da lasifika. Sabon shugaban kwamiti mutumin kirki ne, har ya sa aka miƙa wa ƙanwata Nana makirfo a madadin ɗalibai mata. Ta riƙe shi da hannu biyu, numfashinta yana fita ta lasifika, ta ce sun gode. Ina kusa da ita, ni ma na kasa ɗaga maganar ƙofar makewayin. Aka rubuta kwamfuta da fitilun sola. Kwamiti zai sake zama bayan roron wake kafin a tura takardar. Baba kuwa ya fara cewa tunda Nana kullum da hantsi take dawowa, gara ta zauna gida gaba ɗaya.

An sayar da keken ɗinkin Kawu, shagonsa ya zama wurin cajin waya. Abin da ya rage mini nasa shi ne sanin cewa wanda ya sunkuyar da kai ba lallai ya yarda ba, kuma akwai maganar da kunya ba ta barin baki ya faɗa a gaban iyaye. Ba ni da ƙarfin halin Hajara, ba ni da dabarar Kawu. Rubutu kaɗai na iya, shi ya sa na faɗa a nan, tunda a can na kasa: a mayar da ƙofar nan arewa, ko a yi mata katanga, kafin Nana ta daina zuwa.