Gangar Noma a Bakin Sito

Malam Ɗalhatu ya gaji gangar noma a wurin mahaifinsa a Challawa, tun gonaki ba su koma katangu da bututun hayaƙi ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Ranar gayya ake rataya masa ganga, a ce ya bi manoma ya zuba wa gadon bayansu ido. In sun sunkuya ya buga, in sun ɗago ya saurara.

Da gonar ta tafi, sai ya shiga masaƙa a Sharaɗa. Ya fito da furfura, ƙarar inji kuma ta cinye masa kunne, sai ya kalli bakin mutum yake gane magana.

Mutum ɗaya ne ya nemi ya koya, Uwaisu ɗan ƙanwarsa, mai gadin wani sito a Dakata. Uwaisu ya naɗi kiɗan kawunsa a waya, ya haddace tsaf. Amma duk sanda yake bugawa, Malam ya dafa gangar ya ji bugun a tafin hannunsa, sai ya girgiza kai.

"Gudu kake yi, kamar wanda motar ma'aikata ta bari."

"Kawu, yadda kuka buga fa na buga."

"Ni mutane nake yi wa. Kai waya kake yi wa."

Suka nemi gayya har bayan Panshekara, ba su samu ba. Malam ya gaji da yawo, ya soma haƙura cewa kiɗan a hannunsa zai ƙare.

Wata Asabar ya kai wa Uwaisu gangar can sito don ya ajiye, ya tarar da 'yan dako suna sauke buhunan taki daga tirela. Ya daɗe yana kallon bayansu.

"Rataya," ya ce wa Uwaisu. "Ka ga na ƙarshen can mai jan ƙafa? Shi za ka bi. Kada ka wuce shi."

Wani ɗan dako ya yi dariya. "Baba, biki ne ko jana'izarmu?"

Uwaisu ya soma. Malam bai ji komai ba, kallo kawai yake. Da fari kowa da tafiyarsa. Can sai hannun Uwaisu ya yi nauyi, mai jan ƙafar ya kamo sahu, bayan mutanen ya riƙa sauka da tashi tare.

Tirela ta ƙare, kowa ya watse neman inuwa.

"Na yi, Kawu?"

Malam ya zauna a kan bulo yana matsa gwiwa. "Yau dai ka yi. Yaushe wata motar za ta zo?"