Hira da Dattijo, Kwafi Biyu

A laburaren da muka yi aiki tare babu mai kiransa da sunan yanka. Malam Ƙa'ida ake ce masa, tun daga Shugaba har mai gadi, domin ko biro ka ara a teburinsa ka mayar da shi a karkace, sai ya daidaita shi, ya dube ka ta saman tabarau, ya ce, "Ba faɗa ba ne, ƙa'ida ce." Matarsa ta taɓa gaya mini cewa takalman gidansu ma jere suke a bakin ƙofa daga babba zuwa ƙarami, kuma ranar da ƙafar autarsu ta wuce ta yayarta, sai da aka yi zaman iyali.

Ni ina sashen tsofaffin jaridu, shi yana hawa na uku, a wani ɗaki mai taga ɗaya, shi da kaset-kaset ɗinsa. Tun yana saurayi laburaren ya ba shi rakoda da jakar rataye, ya riƙa bin unguwanni da ƙauyuka yana ɗaukar muryar tsofaffi: maƙera, ungozomomi, teloli, direbobin jirgin ƙasa, mutanen da ba su taɓa rubuta komai ba amma bakinsu cike yake da labari. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wannan yawon. Tsofaffin duk sun rasu. Abin da ya rage na muryarsu a duniya shi ne wanda ke jere a kantocin ɗakin nan, yana kakkaɓe musu ƙura kowace safiya.

Damuwarsa ɗaya ce: babu mai zuwa saurare. Kowane sashe na laburaren yana da nasa tsarin nema. Littattafai suna cikin wata tsohuwar kwamfuta a ƙasa, jariduna suna kan katuna a durowa, kundayen ɗalibai suna wani wuri, kaset-kaset kuma suna cikin wata 'yar kwamfuta a ɗakinsa da babu mai taɓa ta sai shi. Mai neman abu sai ya bi ɗaki ɗaki, kuma kafin ya kai hawa na uku gwiwa ta gaji. Masu leƙa shi yawanci banɗaki suke nema. Yakan nuna musu hanya, sannan ya ce, "Idan ka fito, akwai wani maƙeri a nan da ya kamata ka ji." Ba sa dawowa.

Ƙa'idar aikinmu ta ce abin da ya zo ba shi da take, a ba shi gajeren take mai nuna irinsa. Malam ya riƙe wannan da hannu biyu. Duk kaset na namiji sunansa "Hira da dattijo", na mace "Hira da dattijuwa". A bayan kowane kaset ba ka ganin komai sai wannan taken da lamba. Sunan mai magana da sana'arsa da garinsu kuwa, yana zuba su a cikin kwamfuta, a gurbin da ake kira ƙarin bayani.

"Malam," na ce masa wata rana, "duk tsofaffin nan uwa ɗaya ta raɗa musu suna ne?"

"Take daban, bayani daban, ɗan jarida. Kai da kake kwana cikin ƙarya ta jiya, ina za ka gane?"

Da Shugaba ta sanar cewa za a sayi manhaja guda da za ta haɗe komai, mutum ya rubuta kalma ɗaya a waya ko kwamfuta ya ga littafi da jarida da kaset a lokaci guda, mun zaci Malam ne zai fara tayar da ƙayar baya. Ashe shi ne zai fi kowa zumuɗi. Ritaya ta matso, kuma ba ya son ya tafi ya bar tsofaffinsa a rufe. Da kansa ya nemi a sa shi a kwamitin zaɓe.

Kamfanoni suka zo suna baje kolinsu. Wakiliyar ɗaya daga ciki ta nuna mana yadda manhajarsu ke gane tagwaye: idan an shigar da abu ɗaya sau da yawa da take iri ɗaya, sai ta haɗe su wuri guda, ta ce abu ɗaya ne mai kwafi kaza. Na ga idon Malam ya kawo ruwa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jin ciwon kati biyu na littafi ɗaya, ga injin da ke jin ciwon tare da shi.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Shugaba, "wannan ita ce. Sauran duk kwalliya ce."

Ita aka zaɓa. Da aka zo kwashe bayanai zuwa sabuwar manhaja, kamfanin ya tambaya ko a haɗa da gurbin ƙarin bayani. Aka buɗe na sashen littattafai don a gani, ɗakin ya ɓarke da dariya. "Ɓera ya ci shafi na ƙarshe." "Bango ya yage." "Kada a sake ba wa mai jar hular nan aro." Malam bai yi dariya ba. Ya ce a tsaftace wannan shirmen tukuna, a shigo da gurbin a zagaye na biyu. Na raɗa masa cewa sunayen tsofaffinsa ma a can suke.

"Na sani. Sun jira duk shekarun nan, za su ƙara 'yan watanni. Ina za su je?"

Bayan nan kaɗan ya tafi hutun aikin ido, aka cire masa yana. Ni kuma aka tura ni horo kan sabuwar manhajar a wani gari. A tsakanin nan ne aka buƙaci ɗakin da za a jera wa masu karatu kwamfutoci, ido ya faɗa kan na Malam. Akwai tsohuwar dokar laburaren, wadda Malam da hannunsa ya tsara ta tun da daɗewa: duk abin da ya wuce kwafi biyu, a ajiye biyu, a fitar da saura. Mai sito mutum ne mai bin doka, a hannun Malam ya koya. Ya duba manhaja, ta ce masa a hawa na uku abu biyu ne kacal, kowanne da ɗaruruwan kwafi. Ya hau ya duba bayan kaset-kaset ɗin, ya ga take iri ɗaya daga bango zuwa bango. Ya ware biyu na maza, biyu na mata, sauran ya loda wa motar masu kwashe shara.

Ranar da Malam ya dawo, da sabon ido tas, a kan matakala ya ji ƙamshin fenti. Ban ji ya ɗaga murya ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin, matasa sun cika shi, kowa da allon kwamfutarsa.

"Malam, wallahi doka na bi," in ji mai sito.

"Na sani, ɗana. Daidai ka bi ta."

Ya je juji har sau biyu, matarsa na biye da shi tana roƙonsa ya tausaya wa idon. An riga an bi ta wurin da katafila. Ya dawo aiki ya zauna a wani ƙaramin tebur kusa da nawa, da rakodarsa da kaset huɗu a durowa. Ya daina gyara wa mutane biro.

Zagaye na biyu kuwa ya zo a kan lokaci. Kamfanin ya shigo da ƙarin bayani, sunayen tsofaffin nan duka suka zuba a ƙarƙashin take biyun. Daga ranar, duk wanda ya rubuta sunan kakansa a waya, ko daga wace ƙasa, sai laburarenmu ya fito masa.

Wata mata ce ta fara zuwa, za ta kai shekara arba'in, da jakar tafiya a hannu. Ta nuna wa Malam wayarta.

"Baba, wannan sunan mahaifina ne. Direban jirgin ƙasa. Ina goye ya rasu, ko hotonsa ba mu da shi. An ce kuna da muryarsa, har kwafi biyu."

Malam ya ba ta kujerarsa. Ya gaya mata abin da ya faru, daki-daki, bai ɗora wa kowa ba. Duk da haka ta ce a sa mata biyun nan na maza da suka rage, ko Allah zai sa. Na farko wani mai gyaran agogo ne, na biyu manomi mai tari. Ta saurare su har ƙarshe, hannunta a kan jaka.

"Amma kai ka gan shi, Baba?"

"Na gan shi, 'yata. A ƙofar gidansa muka zauna, a kan benci. Dogo ne, yana da tabon ƙuna a nan, bayan hannu. Ya ba ni ruwa a kofin ƙarfe. Ya yi ta ba ni labarin wata gada da ruwa ya cinye."

"Muryarsa fa? Babba ce ko siririya?"

Malam ya buɗe baki. Na ga yana lalube, ya rufe ido, ya karkata kai kamar mai jiran sauti daga nesa. Matar ta jira shi, ba ta matsa masa ba. Can ya buɗe idon, ya ce, "Ki yafe mini, 'yata. Ban riƙe ta ba. Na ɗauka kaset ya riƙe."

Ta yi masa godiya, ta ɗauki jakarta. Kafin ta kai ƙofa, mai gadi ya leƙo ya ce akwai wani mutum a ƙasa da waya a hannu, yana tambayar hanyar hawa na uku.