Jiran Iska a Gindin Gawo

Shekarun baya, kafin a kawo mana sola, ruwan ƙauyenmu a nan ƙasar Sule Tankarkar a hannun iska yake. Akwai famfo mai doguwar fanka a bakin makiyaya. Iska ta kaɗa, fanka ta juya, ruwa ya zubo a kwamin shanu da jarkokinmu. Iska ta ɗauke, kowa ya nemi inuwa.

A wajen wannan jira na yi aboki. Bafillatani ne daga wajen Damagaram, duk rani yake gangarowa da shanunsa. Ni kuma ina zuwa da amalanke ɗibar ruwan gida. Sai mu zauna a gindin gawo, mu tona ramukan dara a ƙasa. Da yake ni Bamange ne, akwai wasa tsakaninmu, bai taɓa kirana da sunana ba.

"Bawana, wasanka ne," in ji shi. "Ko sai iska ta zo ta tura maka hannun?"

In ce, "Kai da ka saba hira da shanu, ina ka san tunani?"

Ya yi dariya, ya cinye ni. Kusan kullum haka ake tashi, amma a gida cewa nake mun yi kunnen doki.

Wata bazara iska ta tsaya cak. Kwana da kwanaki fanka ko motsi. Mu mutane muna samun na sha a tsohuwar rijiya, amma ba zai ishi garke ba. Shanunsa suka koma lasar busasshen kwami. Ya ce mini zai nausa kudu, wajen kogin Haɗeja, kuma in ya ga wurin ya karɓe shi ba lallai ya sake biyowa ta nan ba.

Na ce, "An ce za a sa mana famfo mai aiki da rana, ko ba iska. Ka ƙara haƙuri."

Ya ce, "Bawana, kai ka iya haƙuri. Saniya ba ta iya ba."

Duk da haka ya ƙara kwanaki saboda maganata. Muka yi ta jan guga tare har tafin hannunmu ya saɓule. Wata safiya wata tsohuwar saniyarsa ta kwanta ta kasa tashi, sai yankawa aka yi. Daga ranar ban sake cewa ya tsaya ba.

Da zai tafi ya faɗa mini lambar salularsa, haka suke kiran waya a can. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ko sifili ban iya rubutawa ba. Na ce zan riƙe a ka. Ina tafe bayan amalanke ina maimaitawa, wani ya tare ni da gaisuwa, muka yi ta "ina gajiya, ina iyali". Kafin in isa gida rabinta ya zube.

Sola bai zo ba sai da damina ta wuce, wata daminar ma ta wuce. Yanzu rana na ɗagawa tanki zai fara cika. A rediyo ina jin ana cewa ƙasar nan gaba ɗaya za ta koma samun wuta daga rana da iska, har manyan birane. Ina murna, domin na ga abin da ƙishirwa take yi wa dabba. Sai dai yanzu ba mai zama. Makiyayi ya zo, ya shayar, ya kaɗa shanunsa ya wuce, ko sunan garinsu ba ka ji ba.

Ni ne nake tare su. In kwatanta musu abokin nan nawa: dogo, mai wushirya, ba ya rabo da tsokana. In ce in sun gamu da shi su gaya masa ruwa ya zauna, ba a jiran iska, ya biyo ta nan ko da rani ɗaya ne.

Su ce, "To, Baba, in Allah ya yarda."

Har yau ba wanda ya dawo mini da amsa.